Amshin Taro Ba Ya Nuna Wanda Ya Iya Karatu

Duk wanda ya ratsa ta gefen wata Islamiyya a Babura bayan La'asar zai ji aji guda yana amsa wa malami da murya ɗaya, har ya ɗauka kowa ya iya. Alhali a cikin amshin nan akwai yaron da leɓɓansa kaɗai ke motsi, kuma ba ma gane shi sai sauka ta matso, lokacin da gyara ya yi wuya.

Magabatanmu na makarantar allo sun riga mu sanin maganin wannan. Ba a yi wa almajiri ƙari sai ya durƙusa gaban malam ya biya allonsa shi kaɗai, ba ya kuma wankewa sai karatun ya zauna. Idan yara suka yi yawa, gardawa ke biya wa ƙolawa. Me zai hana mu kasa aji kashi-kashi, mu ɗora wanda ya fi ƙwari a kan kowane kashi, malami kuma ya riƙa zagayawa yana sauraron yara ɗaya bayan ɗaya?

Sannan mu rage yawan ƙari, musamman da damina, sa'ad da yara ke zuwa a gajiye daga gona. Imam Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku domin a fahimta. Aya biyu da suka zauna sun fi shafi guda da bulala ta cusa, wanda kafin Asabar ya zube.