Ba Kullum Gas Ne Ke Ƙarewa a Firji Ba

Daga kasuwar Karu zuwa Nyanya da Jikwoyi, da firji ya daina sanyi magana ɗaya ake ji: "Gas ya ƙare." Mai sayar da zoɓo ta biya kuɗin ɗuri, bayan kwana goma a koma gidan jiya. Abin yana ci mini rai, domin gas ɗin firji ba fetur ba ne da ake ƙonawa. A rufe yake cikin bututu yana zagaye, ba ya raguwa sai in bututun ya huje. Wanda ya ɗura bai toshe hujin ba, kuɗinku kawai ya ci.

Sau da yawa laifin na hita ne. Wasu na cewa dabarar masu gyara ce, wai me zai kai hita cikin firji? Akwai ta kuwa. A firjin zamani mai fanka, bayan bangon firiza akwai bututun sanyi, a ƙarƙashinsa kuma hita ce da ke kunna kanta sau biyu ko uku a rana, na kimanin minti 20, ta narkar da ƙanƙarar da ta taru. In ta ƙone, ƙanƙara ta toshe hanyar iska: sama akwai ɗan sanyi, ƙasa kuwa miya na tsami. Da damina abin ya fi sauri saboda laima. Amma firizar kwance ta masu ƙanƙara da mahauta, yawanci ba ta da hita, kada a caje ku kuɗinta.

Gwajin farko kyauta ne. A cire soket, a bar ƙofofi a buɗe kwana ɗaya, sannan a sake kunna firjin. In sanyi ya dawo sosai, sannan ya sake ɓacewa bayan mako guda ko biyu, to gas na nan lafiya. Doguwar ɗaukewar wutar lantarki ta AEDC ma kan yi wannan aikin, shi ya sa ake cewa firji ya warke da kansa. Bai warke ba.

Sai dai gwajin bai kama hita dumu-dumu ba. Fis ɗinta, ko na'urar jin zafi da ke manne da bututun, ko agogon da ke kunna ta, kowanne na iya kawo wannan matsala. Ku sa mai gyara ya auna da mita a gabanku, bayan an cire wuta. Hita mai wat 200 a wutarmu ta bolt 230 za ta nuna wajen om 260. In mita ba ta nuna komai ba, hitar ta tsinke. Sabuwar ta zo daidai da tsohuwar a siffa da ƙarfi. Ta Amurka mai bolt 120 ƙonewa za ta yi nan take.

Ƙanƙarar kuma da ruwan ɗumi ake narkar da ita. Kada a sa wuƙa: bututun ba shi da kauri, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbin firji yana kama wuta.