Me Ya Hana Mu Hawa Duwatsun Kamuku?

Idan mutum ya tashi daga shataletalen Mando a nan Kaduna ya nufi yamma, ya bi ta Buruku, bayan tafiyar kilomita ɗari da ashirin ko kusan haka zai isa Birnin Gwari. A nan ne gandun dajin Kamuku yake, kuma shi ne gandun Gwamnatin Tarayya mafi kusa da mu. Amma a tambayi samari goma a Kawo ko Unguwar Dosa, da wuya a sami ɗaya da ya taɓa sa ƙafarsa ciki. Yawancinsu ma a labarin 'yan bindiga kawai suka san sunan wurin.

Kafin mu zo kan dalili, ya kamata mai karatu ya san cewa a wasu ƙasashe hawan dutse wasa ne babba, sana'a ce kuma. Dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya shi ne Ebares, a kan iyakar Nefal da Sin, tsayinsa mita 8,849. Sai ranar 29 ga Mayu, 1953 aka fara kaiwa ƙololuwarsa, lokacin da Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan, da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sharfa, suka hau. Akwai kuma waɗanda hawan bai ishe su ba. In sun kai sama sai su ɗaura wasu dogayen alluna sirara a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara, kamar yadda yaranmu ke wasan zamiya a kan falalen dutse. A shekarar 2000 wani mutumin Sulobeniya mai suna Davo Karnicar ya zamo haka tun daga ƙololuwar Ebares har sansanin da ke gindinsa. Mu dai ba mu da ƙanƙara, sai ta mai sayar da zoɓo, saboda haka wannan ba namu ba ne. Amma duwatsu kam Allah ya ba mu.

Kusan duk irin waɗannan manyan duwatsu a cikin gandun gwamnati suke, shi ya sa mahaya ba su rabuwa da ƙorafi. A Nefal, a da baƙon da zai hau Ebares a lokacin da aka fi hawa yakan biya dala 11,000 kuɗin izini, aka ƙara ya koma 15,000 a shekarar 2025. A Tanzaniya ba a barin kowa ya hau Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, sai da ɗan jagora mai lasin. Mahaya suna cewa dutse ai na Allah ne. Hukuma kuma tana cewa in wani ya faɗa rami ko ya ɓata, ita za a tasa da dare.

A nan gida, dutsen da ya fi tsawo shi ne Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, a gandun Gashaka Gumti cikin Jihar Taraba, kusa da iyakar Kamaru. Tsayinsa mita 2,419, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙasa, da ɗan jagora da 'yan dako. Na Kamuku ba su kai haka ba, amma suna da abin kallo. Akwai Goron Dutse, wani ƙaton dutse mai santsi da ya tashi shi kaɗai, jikinsa da zane-zane fari da baƙi. Akwai Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, remaye suka mai da kogunan gidajensu. Ga kuma magangarar Dogon Ruwa.

To, ƙofar Kamuku makulli biyu gare ta, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na farko na doka ne. Tun a 1936 aka keɓe wannan daji a ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari. A 1999 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa, ya koma hannun Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,100, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daga ranar da daji ya zama gandun ƙasa, ba farauta, ba kiwo, ba noma, ba saran itace, ba sa wuta. Shiga ma sai da izini. Mai son hawan dutse ko kallon namun daji zai je ofishin gandun, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da malamin daji ya raka shi.

Mutumin birni yana ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma wanda dokar ta fi matsa wa shi ne na ƙauye. Gwari da Kamukawa da Hausawa da Fulanin yankin sun gaji wannan daji kaka da kakanni. Nan suke samun zuma da itacen girki da saiwar magani, nan dabbobi ke samun ciyawa da rani. Ranar da aka ce wa mutum tsaunin da kakansa ya yi farauta a kai yanzu sai da takarda, dole ransa ya ɓaci. Sai dai a dubi dazuzzukan da ba a killace ba a kan hanyar Zariya ko ta Abuja, a ga abin da masu gawayi suka bari. Dajin Kamuku na doka ne da maje da kawo da taura, kuma an san shi da giwa, gwanki, kanki, gada, mazo, mugun dawa da gwaggon biri, da tsuntsaye iri fiye da 170. A ganina wannan makulli yana da amfani, in dai za a riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan aiki, su zama 'yan jagora da masu gadi. A Nefal 'yan Sharfa da yawa da hawan dutse suke ciyar da iyalansu.

Makulli na biyu shi ne mai ciwo, don ba hukuma ce ta sa shi ba. Ɓarayin shanu suka fara mai da dajin maɓoya, saboda faɗinsa da kuma yadda ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai aka tura sojoji, aka ƙwato shanu masu yawa. Abin bai mutu ba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, har hukumar gandun ta dakatar da kai baƙi da masu bincike. Abin takaici, dokar da ta hana manomi yankar sanda ba ta hana mai bindiga kafa sansani ba. Ɗan makarantar da ya kamata a kai shi ya ga giwa da idonsa ya gama karatu bai gani ba, mai abinci da direba da mai masauki a Birnin Gwari duk suka yi asarar cinikin baƙi.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Amma buɗe kasuwa daban, shiga tsakiyar daji daban. Duk wanda ke da niyyar zuwa Goron Dutse, ko malamin da ke son kai ɗalibansa, ya fara tuntuɓar ofishin gandun a Birnin Gwari, kada ya yi aiki da jita-jitar tasha. In aka ce a dakata, a dakata.

Mai ɗokin hawa yana da inda zai fara. Ga Dutsen Kufena a bayan Zariya, ga Dala a Kano wanda aka yi wa matakala, ga kuma tsaunukan Kagoro a kudancin jiharmu. A gaida mai unguwa ko dagacin wurin, a nemi ɗan gari ya shige gaba. A tashi da sassafe, a riƙe ruwa, a sa takalmi mai kama ƙasa, kada a tafi mutum ɗaya. Da damina kuwa a haƙura da falalen dutse, don in ya jiƙe ya fi sabulu santsi, kuma saukowa ta fi hawa haɗari.