Kawunan Jirgin Ƙasa da Suka Tsaya a Takarda

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. An sha maganar ƙarasa shi zuwa Sakkwato, amma har yau Birnin Kebbi da Argungu ba su ji kukan jirgi ba, kuma a bayan manyan motoci shinkafar fadamar Rima take fita. To, ba layi kaɗai ke tsayawa a takarda ba. Akwai kawunan jirgi da injiniyoyi suka zana, suka gama lissafinsu, amma ba a taɓa ƙera su ba.

A 1954 Farfesa Lyle Borst na Jami'ar Utah a Amurka, shi da ɗalibansa, suka zana kan jirgi mai aiki da makamashin nukiliya, suka kira shi X-12. Garkuwar da za ta kare direba daga hasken nukiliya, wanda ke lalata ƙwayoyin halittar jiki, ita kaɗai ta kai nauyin tan 200. Idan kuwa jirgin ya kife a tsakiyar gari fa? Nan maganar ta mutu.

Wanda ya fi shafarmu shi ne ACE 3000, da wani kamfanin Amurka ya tsara a farkon shekarun 1980, lokacin da man fetur ya yi tsada. Nufinsa shi ne a dawo da jirgi mai tururi. Tsohon kan jirgi, irin wanda ya riƙa cin kwal ɗin Inugu a ƙasar nan, bai fi kashi 6 ko 7 cikin 100 na zafin wutarsa yake mayarwa aiki ba. Saura duk ya bi iska. Injiniya Livio Dante Porta, mutumin Ajantina, yana da dabara: a rage iskar da ke shiga ta ƙarƙashin wuta, a gauraya ta da tururi, sai kwal ya riƙa fitar da gas, sannan a ƙone gas ɗin da iskar da aka shigar ta sama. Hayaƙi ya ragu, kwal ya yi auki. Ba a kama dabarar da laifi ba. Farashin mai ne ya faɗi warwas a 1986, masu zuba jari suka janye, aka naɗe zane.

Wutar Porta ba kwal kaɗai take ci ba, har da itace da ragowar amfanin gona. A nan ne ɗalibi a Argungu zai tambaya: buntun shinkafar da ke taruwa a bayan injinan casa fa? Tambayar tana da kyau, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, kuma hasken rana ne tsiro ya adana a cikinsa. Sai dai buntu ba shi da nauyi, yana cin wuri, kuma shinkafa tana zuƙo sinadarin silika daga ƙasa ta tara a cikinsa, wanda shi ya sa yake da ƙaiƙayi, tokarsa kuma take da yawa. A ganina ya fi dacewa a ƙone shi nan inda ake casar, a samu lantarki, maimakon a loda wa jirgi tarago guda na buntu ya riƙa ja.