Yadda Ake Gwada Kwayil ɗin Mota

Sau da yawa mota kan mutu a tsakiyar hanya bayan injinta ya ɗauki zafi, idan ta huce kuma sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Kwayil yana daga cikin abubuwan da kan jawo haka.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 kawai yake bayarwa, alhali fulogi yana bukatar dubbai kafin ya yi tartsatsin da zai kunna fetur. Aikin kwayil shi ne samar da wannan ƙarfi. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da aka yi wa naɗi biyu na wayar tagulla. Naɗin farko waya ce mai kauri, zagaye 'yan ɗaruruwa. Na biyu siririya ce, zagaye dubbai. Idan wuta ta bi naɗin farko sai sandar ta zama maganaɗisu. Da zarar an katse wutar, sai maganaɗisun ya gushe farat ɗaya, wannan kuwa ya haifar da bolt 20,000 ko fiye a naɗi na biyu. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila cikin 1831.

Gwajin farko na ido ne: a duba tsagewa, ko ƙuna, ko yoyon mai. Daga nan, bayan an kashe injin an cire wayoyin kwayil, sai a ɗauko mitar awon lantarki a auna turjiyar kowane naɗi, watau yadda yake tare wa wuta hanya. Galibi naɗin farko ba ya wuce om 3, na biyu kuwa kan kai om dubbai. Ainihin adadin yana cikin littafin motar. Idan mita ta nuna babu hanya sam, waya ta tsinke. Idan adadin ya yi ƙasa ƙwarai, rufin wayar ya ƙone, zagayen sun haɗe.

Sai dai kwayil kan ci jarrabawa yana sanyi, ya faɗi da ya yi zafi, domin zafi na buɗe tsagar da sanyi ya rufe. Saboda haka ya kamata a sake aunawa yana da ɗumi. A motocin da kowane fulogi ke da kwayil nasa, akan musanya biyu. Idan matsalar ta bi kwayil zuwa sabon wurinsa, an kama mai laifi.

Kada a taɓa wayar fulogi injin yana aiki. Kada kuma a sayi sabon kwayil kafin a auna tsohon, don sau da yawa laifin na fulogi ne ko na waya.