'Yar na'urar da ke cikin fasfo da katin shaida: ina haɗarin yake?

A unguwar Yelwa da ke Bauchi, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke da harabarta, kullum ɗalibai da ma'aikata kan miƙa takardun shaidarsu ga masu shagunan kwafi da cike fom. Kaɗan ne ke tunanin abin da suke bari a baya.

Tun 2007 Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ke bayar da fasfo mai ɗauke da wata 'yar na'ura da aka binne a jikinsa, wadda ke adana suna da ranar haihuwa da hoton mai shi. Katin zaɓe na dindindin ma yana da irinta, ita ce na'urar tantance masu zaɓe ta INEC ta riƙa karantawa a zaɓen 2015.

Wannan na'ura ba ta da batir, kuma ba ta hulɗa da tauraron ɗan'adam, don haka ba za ta iya nuna inda mutum yake a kowane lokaci ba. Tana farkawa ne kawai idan na'urar karantawa ta aiko mata da igiyar rediyo. Ta fasfo sai an kusanto ta da kamar santimita 10.

Sai dai ba duka ne ke da gajeren zango ba. Katin fasfo da Amurka ta fara bayarwa a 2008 ana iya karanta lambarsa daga nisan mitoci. A 2009 wani mai bincike ya zaga birnin San Faransisko a mota, ya kwashi lambobin irin waɗannan katuna ba da sanin masu su ba. Duk inda aka karanta lamba ɗaya a wurare daban-daban aka adana, ana iya haɗa tarihin zirga-zirgar mai ita.

Fasfo yana da kariya: ba ya sakin bayanansa sai an gabatar masa da lambar fasfon da ranar haihuwa da ranar ƙarewar wa'adinsa. Amma dukkan ukun suna rubuce a shafin hoto. Ke nan kwafin da aka manta a kwamfutar shago tamkar mabuɗi ne da aka bari a jikin ƙofa.

Haɗari mafi girma kuwa yana wajen masu tara bayanan. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta yi zargin cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan lambar NIN kan Naira 100, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba ɗan ƙasa ikon sanin dalilin karɓar bayanansa, da neman a gyara ko a goge su, da kai ƙara idan an saɓa.

Saboda haka, wanda ya je shagon kwafi ya tabbatar an goge hoton takardarsa a gabansa, ya kuma karɓi duk kwafin da ya lalace. Kada a bar fasfo ko katin zaɓe jingina a hannun kowa. Idan fasfo ya ɓata, a sanar da 'yan sanda da Hukumar Shige da Fice ba tare da jinkiri ba.