Batwa: Daga Kurmi Zuwa Saƙar Kwando

'Yan'uwa, a kudu maso yammacin ƙasar Yuganda, kusa da iyakar Ruwanda da Kwango, akwai wata ƙaramar kabila da ake kira Batwa. Tun kaka da kakanni a kurmi suke zaune, suna farauta, suna ɗibar zuma da saiwoyin magani. A shekarar 1991 gwamnati ta mai da kurmin Bwindi da na Mgahinga gandun daji domin kare goggon biri. Aka fitar da Batwa, galibinsu ba diyya, ba gona. Da yawa suka koma ƙwadago a gonakin maƙwabta, wasu kuwa bara. Ƙidayar 2014 ta nuna su wajen mutum 6,200 ne a ƙasar.

Ikkilisiya ba ta naɗe hannu ba. Dayosis ɗin Kinkiizi na Angalikan ya taimaka wajen saya musu filayen zama, kuma a 2003 wani likita ɗan mishan daga Amurka, Scott Kellermann, ya kafa asibiti a Bwindi. To, amma me za a ci gobe? Nan ne sana'ar hannu ta shigo. Mata na saƙa kwanduna da fayafai da tabarmi, maza na sassaƙa siffar goggon biri, ana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. Da kuɗin ake sayen gishiri da sabulu, a kuma sa yara makaranta. Wannan ba abin raini ba ne. Manzo Bulus kansa da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa.

Sai dai sana'a ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Tana bukatar kayan aiki, tana kuma bukatar kasuwa. A Ruwanda da Burundi an san Batwa da ginin tukwane, amma da aka mai da fadamun da suke haƙar yumɓu gonaki, tukwanen ƙarfe da robobi kuma suka cika kasuwa, sai sana'ar ta ja baya. A Yuganda ma, da annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020, kwanduna suka taru ba mai saye. Wanda ba shi da gonar da zai koma, ran da baƙo bai zo ba, da yunwa zai kwana.

A 2021 kotun tsarin mulki ta Yuganda ta yanke hukunci cewa an zalunci Batwa, kuma gyara ya rataya a wuyan gwamnati. Abin da muka koya shi ne, koyar da saƙa alheri ne, amma ba ya maye gurbin ƙasa. Mu ma da muke da 'yan gudun hijira cikin ikkilisiyoyinmu, kada mu tsaya ga koya musu sana'a kawai. Mu sayi kayansu da farashin gaskiya, mu kuma tsaya musu su sami gona. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.