KAYAN CIKIN AMARYA: A AUNA KAFIN A SAYA

A unguwar Manawashi ta garin Gombe, ranar da aka kawo lefe mata sukan taru ana buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya. Atamfa da leshi kowa ya gani ya yaba. Amma akwatin da ke wahal da amarya shi ne na kayan ciki, watau rigar mama da shimi da ɗamarar roba mai matse ciki.

A da, fatari da jigida sun ishi amarya, ta ɗaura zane ta yi lulluɓi. Zane kuwa ba ya matse kowa, domin mai shi ce ke ɗaura shi daidai jikinta. To, Gombe ta zama hedkwatar jiha a 1996, gari ya buɗe, biki ma ya sake salo. Yanzu amare da yawa doguwar riga mai kama jiki suke sawa ranar kamu ko liyafa, ita kuwa ba ta zama sai abin da ke ƙarƙashinta ya zauna.

A nan 'yan'uwanmu mazauna Kudu suke yin kuskure. Ango yana Ikko ko Badun, sai ya aiki ƙanwarsa kasuwar Balogun ta sayo da ka, alhali ba ta san awon amarya ba. In kayan sun yi yawa, an yi asarar kuɗi. In sun yi kaɗan, kunya ba za ta bar yarinya ta faɗa ba. Haka za ta wuni a matse, numfashi sama-sama, ga ƙwannafi, ga wahalar ruku'u da sujada. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kusanci digiri 40, roba takan bar ƙuraje a fata.

Maganin abin ba wuya. A aiko da kuɗin wannan akwati gida, yayar amarya ko gwaggonta ta raka ta kasuwa. A saya bayan an soma gyaran jiki, domin jiki yakan canja. Ta gwada, ta zauna, ta sunkuya. In yatsa biyu ba su shiga tsakanin ɗamara da fata ba, ta yi kaɗan. Ta sa shimin auduga daga ciki saboda gumi. Sa'an nan ta je wurin mai ɗinki sanye da kayan, a auna ta a kansu kafin almakashi ya taɓa leshi.

Jama'a, sai an gwada akan san na ƙwarai.